Ciwon Gwiwa: Mu Gyara Taku, Kada Mu Daina Tafiya



A zagayen da muke yi na azuzuwan yaƙi da jahilci, akwai abin da muka daɗe muna lura da shi. Idan aka tashi daga karatu, matasa sukan miƙe nan take su naɗe tabarma. Amma waɗanda suka ba shekara 50 baya sai sun dafa ƙasa da hannu biyu, sun yi nishi, kafin su tsaya. A wani aji mun tambayi dalilin da ya sa wata baiwar Allah mai ƙoƙari ta bar zuwa, alhali har ta fara haɗa baƙi. Aka ce mana ba miji ya hana ta ba, ba kuma aikin gida ba. Gwiwa ce. Tafiyar daga gida zuwa rumfar karatu ta gagare ta, zaman tabarma kuma ya zame mata azaba. Ta yanke shawara ta zauna a ɗaka har ciwon ya wuce. Da muka koma bayan wata biyu, ciwon bai wuce ba, ƙafar ma ta ƙara sanƙarewa.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan ciwon gwiwa na manya, wanda wasu ke kira sanyin ƙashi, wasu kuma amosanin gaɓɓai. Ra'ayinmu shi ne: mai wannan ciwo bai kamata ya kwanta ba, bai kuma kamata ya danne shi da ƙwaya ya ci gaba da tafiya irin ta da ba. Abin da ya fi masa shi ne ya sake yadda yake taka ƙasa.

Abin da ke faruwa a cikin gwiwa

Duk wanda ya taɓa fiɗar akuya ya ga wani farin abu mai santsi a kan ƙashi, daidai inda ƙasusuwa biyu suke haɗuwa. Shi ne guringuntsi. Mu ma muna da shi a gwiwa. Aikinsa shi ne ya hana ƙashin cinya da ƙashin ƙwabri gogar juna. Idan shekaru suka ja, ko aka taɓa jin rauni a wurin, ko nauyi ya yi yawa, sai guringuntsin ya riƙa sirancewa. Daga nan sai ciwo, da ƙara idan an lanƙwasa ƙafa, da sanƙarewa da safe wadda takan saki kafin rabin awa. Wani lokaci gwiwar takan tara ruwa ta kumbura. Ba jifa ba ne, ba sammu ba, ba kuma don an taka wani abu a hanya ba. Ba shan ruwan randa ke kawo shi ba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ke fama da wannan ciwo na gaɓɓai a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa ne. Kashi 60 cikin 100 mata ne. Mu da muke ganin wanda ke ɗauko ruwa da itace, wannan lissafi bai ba mu mamaki ba.

Ga wani abu da ya kamata kowa ya riƙe. Duk lokacin da mutum ya taka ƙasa, nauyin da ke sauka a gwiwarsa ya ninka nauyin jikinsa sau 2 zuwa 3. Mace mai kilo 60, gwiwarta na karɓar kilo 120 zuwa 180 a kowane taku. Idan ta ɗora jarka mai lita 25 a ka, ta zama kilo 85, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Yanzu kuma abin da gwiwa ke karɓa ya kai kilo 170 zuwa 255. Kilomita ɗaya kuwa taku ne fiye da 1,000. Ku yi wannan lissafi a kan allo ku gani. Sannan nauyin ba ya sauka daidai wa daida. Gefen ciki na gwiwa, wato wanda ke kallon ɗayar ƙafar, shi ke ɗaukar kaso mafi yawa. Shi ya sa can ne ciwon ya fi kamawa, shi ya sa kuma ƙafafun wasu tsofaffi suke lanƙwashewa kamar baka.

Mu a nan mun san tafiyar ƙasa fiye da yadda muka so. A shekarar 2015 mutanen Assaga suka bar gidajensu na bakin kogi saboda hare-haren Boko Haram, suka zauna a bakin hanyar kwalta. A wannan shekara kuma aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa, aka hana hawan moto. Wanda a da yake hawa kabu-kabu, sai ya koma takawa: zuwa gonar tattasai, zuwa neman itace, zuwa garin Diffa mai nisan kimanin kilomita 10. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta sake tayar da mutane da kaya a ka. Gwiwoyin da suka yi wannan hidima suna da haƙƙi a kanmu.

Labarin da ya zo daga Amurka

A watan Agusta na 2025 wata mujallar likitoci mai suna Lancet Rheumatology ta buga sakamakon wani bincike da malaman jami'o'in Stanford da Utah da New York suka yi. Sun ɗauki mutum 68 masu ciwo a gefen ciki na gwiwa, waɗanda ciwon nasu bai yi tsanani sosai ba. Suka sa kowa ya yi tafiya a kan na'ura mai auna nauyin taku, ga kyamarori na kallo. Aka gwada shi da yatsun ƙafa sun ɗan karkata ciki, aka gwada shi da sun ɗan karkata waje, don a ga wanne ya fi rage wa gefen ciki nauyi.

Karkatar ba mai yawa ba ce. Digiri 5 ne ko 10. Don ku gane, ku dubi dogon hannun agogo. Idan ya matsa da minti ɗaya, ya yi digiri 6 ke nan. Wato bakin ƙafar zai matsa da faɗin yatsa ɗaya ko biyu kawai. Wanda ke biye da kai a hanya ba zai ma lura ba.

Aka raba su gida biyu. Rabi aka koya masu sabon taku wanda ya dace da gwiwarsu. Rabi kuma aka bar su da takunsu na asali, ba tare da sun san haka ba. Sati 6 ana horar da su, sau ɗaya a sati, da wata ƴar na'ura da ake ɗaurawa a ƙwabri mai girgiza idan taku ya kauce. Aka ce kowa ya riƙa gwadawa a gida aƙalla minti 20 kullum. Bayan shekara ɗaya aka tambaye su ciwon, a ma'aunin da ke tashi daga 0 zuwa 10. Waɗanda suka sake taku, ciwonsu ya sauka da maki 2 da rabi. Sauran kuwa da maki ɗaya da ɗan ɗoriya. Hoton cikin gwiwa ya kuma nuna cewa guringuntsin masu sabon taku bai lalace da sauri kamar na sauran ba. Masu binciken sun ce sauƙin ya yi kusa da wanda ake samu daga ƙwayoyin rage ciwo.

Wannan albishir ne. Ba allura, ba ƙwaya, ba fiɗa. Amma a nan ne muke so mu ja kunne, domin mun san yadda labari ke tafiya a kasuwa. Gobe wani zai ce Turawa sun gano cewa mai ciwon gwiwa ya riƙa juya ƙafa ciki, kowa ya kama yi. Ba haka binciken ya ce ba. Wani ciki ne ya yi masa amfani, wani waje. Wanda ya juya ta ɓangaren da bai dace da shi ba yana iya ƙara wa gwiwarsa nauyi. Akwai ma waɗanda aka auna aka ga babu karkatar da ta rage masu komai, ba a sa su cikin gwajin ba. Abincin wani gubar wani. Kuma mutum 68 ba su da yawa, a kan shimfiɗaɗɗiyar na'ura suka koya, ba a cikin rairayi da silifa ba. Saboda haka ba mu ba kowa shawarar ya murɗe ƙafarsa a kan jin ƙai ko ji-ta-ji-ta ba.

Abin da muka ɗauka daga binciken ya fi wannan girma. Ya tabbatar da cewa yadda mutum yake taku yana sake nauyin da ke kan gwiwa, kuma babba mai furfura yana iya koyon sabuwar tafiya ya riƙe ta shekara guda. Mu malaman manya mun san haka tun da daɗewa. Hannun da ya shekara 50 yana riƙe da hauya ya koyi riƙe alkalami. Ƙafa ba ta fi hannu taurin kai ba.

Gyaran da ba ya buƙatar na'ura

Na farko shi ne tsawon taku. Mu mutanen karkara muna da dogon taku, domin hanya da nisa, rana kuma ba ta jira. Amma dogon taku yana sa diddige ya daki ƙasa da ƙarfi, dukan ya hau har gwiwa. A rage shi. A riƙa ajiye ƙafa kusa da jiki, a hankali, ba tare da jan ta a ƙasa ba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Mai zuwa fadama ya fita da wuri kaɗan, ya tsaya ya huta a inuwa sau ɗaya ko biyu, ya fi ya isa da sauri ya kasa tsugunawa a fangali.

Sai maganar sanda, wadda muke so mu daɗe a kanta, domin a nan ne kunya take cutar da mu. Namiji idan ya riƙe sanda, sai a ce dattijo ne, a ba shi wuri. Makiyayi kuwa ba ya rabuwa da ita tun yana yaro. Amma mace idan ta ɗauka, sai a fara zunɗe, kishiya ta samu abin faɗa, jikoki su ce kaka ta ƙare. Mun ga matan da suka gwammace su riƙa bin bango da dafa katanga da su fita da sanda. Wannan ba daidai ba ne, kuma laifin ba nasu ba ne, na masu dariyar ne. A birnin Sao Paulo na ƙasar Brazil an yi gwaji da mutum 64, aka buga sakamakon a 2012: waɗanda suka yi wata 2 suna tafiya da sanda kullum sun samu sauƙin ciwo fiye da waɗanda ba su riƙe ba.

Sai dai yawancinmu muna riƙe ta a hannun da bai dace ba. Idan gwiwar dama ke ciwo, sanda a hannun hagu take. Idan ta hagu ce, a hannun dama. Sanda da ƙafa mai ciwo su tafi gaba tare, su sauka tare, don su raba nauyin. Da farko abin zai yi kamar baƙo, kwana kaɗan jiki zai saba. Tsawonta kuma a auna: mutum ya tsaya da takalminsa, ya saki hannu, kan sandar ya zo daidai wuyan hannu. Idan ta fi haka tsawo kafaɗa za ta gaji, idan ta gaza mutum zai riƙa duƙawa. A samu guntun roba na tsohuwar taya a ɗaura a gindinta saboda santsin laka.

Gangaren kogi shi ne babban abokin gabar gwiwa, musamman wajen sauka. Ga ƙa'ida mai sauƙi: wajen hawa, ƙafa mai lafiya ce gaba, wajen sauka, sanda da ƙafa mai ciwo ne gaba. Kada a sauka kai tsaye inda gangaren ya miƙe, a bi shi a karkace. Haka nan a zaɓi hanya. Rairayi mai zurfi yana gajiyar da ƙafa, busasshiyar laka mai sawun shanu kuma tana murɗe gwiwa ba shiri. Hanyar da aka tattake ta fi, ko da ta ɗan zagaya. Takalmi ya zama shimfiɗaɗɗe mai laushi wanda ya kama ƙafa. Wanda gefe ɗaya ya cinye har ya karkace, a gyara ko a sake shi.

Game da kaya, lissafin jarka da muka yi a sama ya isa hujja. A raba lita 25 gida biyu, ko a sa a kura ko amalanke. A lokacin ɗiban tattasai, aikin kai buhu wurin shanya na matasa ne. Muna kira ga magidanta da samari: uwar da ta goya ku, bai dace a ce ita ke ɗauke da buhu kuna biye da ita da waya a hannu ba. Wanda kuma jikinsa ya yi nauyi, binciken da aka yi a Amurka a 2005 ya nuna cewa duk kilo ɗaya da ya rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo 4 a kowane taku. Mun san wannan ba matsalar mafi yawan manoma ba ce, ta fi shafar mazauna gari masu zaman shago da ofis.

Dogon tsuguno wajen dashe da cirar ciyawa shi ma yana matse gwiwa. A tafi da ƴar kujera ko a kifa bokiti a zauna, a riƙa miƙewa lokaci lokaci. A azuzuwanmu ma mun fara cewa a ajiye benci ɗaya saboda masu wannan lalura. Wajen salla kuwa, malamai sun sanar da mu cewa addini ya yi sauƙi ga wanda ba ya iya tsayuwa ko durƙuso. A tambayi liman yadda ake yi.

Me ya sa ba za a kwanta kawai ba?

Wani zai ce, tun da taku ke kawo nauyi, ai sai a bar takun. A'a. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini. Abincinsa yana cikin ruwan da ke cikin gaɓar, kuma yana shan sa ne kamar soso: a matsa ya fitar, a saki ya tsotsa. Motsi ne ke ciyar da shi. Sannan naman cinya shi ne mai gadin gwiwa. Idan aka kwanta sati biyu ko uku sai ya saki, gwiwa ta rasa mai tallafa mata, ciwo ya ƙaru, mutum ya ƙara jin tsoron tashi. Abin da ya sami ɗalibarmu ke nan.

Don ƙarfafa cinya, a zauna a kan benci, a miƙe ƙafa ɗaya sambal, a ƙirga 1 zuwa 5, a sauke a hankali. A yi sau 10 kowace ƙafa, safe da yamma. A kuma gwada tashi daga benci da komawa ba tare da dafawa ba, gwargwadon iko. Ɗan ciwo kaɗan lokacin motsi ba abin tsoro ba ne. Ma'aunin shi ne wayewar gari: idan gwiwa ta kwana ta tashi kamar yadda take jiya, an yi daidai. Idan ta kumbura ko ciwon ya ƙaru, an zarce, sai a rage. Jiki magayi.

Ƙwayar bakin kasuwa

Ba za mu rufe ido a kan abin da kowa ya sani ba. Da yawa daga cikinmu kafin su tafi gona sai sun biya wurin mai tallar magani. Diklofenak da ibuprofen suna rage ciwo, gaskiya ne, amma shan su kullum wata da watanni, musamman da yunwa da ƙishi a cikin zafin rana, yana kawo gyambon ciki, yana lalata ƙoda, yana ta da hawan jini. Deksametazon da ake haɗawa a cikin ƙulli yana kumbura fuska, yana raunana ƙashi, yana iya jawo ciwon suga. Tramol kuwa mun ga abin da ya yi wa samarinmu: yana kama mutum ya kasa bari, yana sa faɗuwa irin ta farfaɗiya. Mafi muni, ƙwayar tana rufe bakin gwiwa ne kawai. Mutum ya ɗauki buhu ya sauka gangare da gudu bai ji komai ba, ɓarnar kuwa tana nan tana ci. Tsaga da ƙaho da sakiya a kan gwiwa su ma ba sa mayar da guringuntsi, kuma ƙarfe marar tsabta yana iya shigar da ƙwayar cuta cikin gaɓa. Idan ana buƙatar magani, malamin asibiti ne zai faɗi wanne, da yawansa, da ranar dainawa. Akwai na shafawa wanda bai kai na haɗiya illa ga ciki ba.

Muna kuma roƙon ma'aikatan lafiya na yankinmu, idan tsoho ya zo da gwiwa, kada a tsaya ga rubuta takarda. A ce ya taka a gani. A duba hannun da yake riƙe sanda, a duba takalminsa, a tambaye shi abin da yake ɗauka. Minti biyar sun isa. Niamey na da nisan fiye da kilomita 1,300 daga nan, aikin sake gwiwa kuwa ba na aljihun manomi ba ne, don haka abin da za a iya yi tun ciwon yana ƙarami shi ne abin da ke hannunmu. Ku kuma da Allah ya ba ku karatu, ku karanta wa iyayenku wannan shafi, ku fassara wa wanda bai ji Hausa sosai ba da Kanuri ko Fulatanci, ku auna masu sanda da hannunku.

Sai dai ba kowane ciwon gwiwa ne irin wanda muka yi bayani ba. Idan gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi kamar wuta, ga zazzaɓi. Ko an faɗi har ƙafa ta kasa ɗaukar mutum. Ko gwiwar ta maƙale ba ta miƙewa. Ko gaɓɓai da yawa suna sanƙarewa fiye da awa ɗaya kowace safiya. Ko mai ciwon yaro ne, ko mai amosanin jini, to wannan ba na gyaran taku ba ne. A ɗora shi a amalanke ko mota a kai shi gidan likita mafi kusa a ranar, idan sun tura babban asibitin Diffa a wuce ba tare da an koma gida jiran kasuwa ta ci ba.